Kafin Ɗauki Ya Iso

A unguwarmu da ke Kawo, ba sai mutum ya kunna rediyo ba kafin ya san cewa masu iƙirarin jihadi sun kai hari kan wani sansanin soja a Borno ko Yobe. Alamar farko ita ce matan da za ka gani a ƙofar gida tun da sanyin safiya, kowacce da waya a hannu, tana kiran lambar da ba ta shiga, tana sake kira. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da duk yaran layin ke kira Inna, ta kwana uku a cikin wannan hali, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ta miƙa masa wayar ta ce, “Ɗan nan, duba mini, ko ni ce ban iya dannawa ba.” Mu kuwa mun san ba dannawar ba ce, amma babu wanda ya iya buɗe baki ya faɗa mata.

Ɗan nata ɗalibina ne, ni na koyar da shi lissafi a sakandare, kuma ina cikin waɗanda suka je Zariya ranar da aka yaye su daga makarantar horar da kuratan soja. A rana ta huɗu wani abokin aikinsa ya kira ya ce yana da rai, sai dai harsashi ya same shi a cinya. Bayan wasu makonni aka kawo shi asibitin sojoji a nan Kaduna, kuma a bakin gadonsa ne na fara fahimtar abin da ake nufi idan aka ce sansani ya faɗi, duk da cewa na shekara fiye da goma ina jin wannan magana a labarai.

Kaduna gari ne na soja tun asali. A nan hedikwatar Runduna ta Ɗaya take, a nan makarantar horar da hafsoshi ta NDA take tun 1964, haka ma kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kakuri. Ga sansanin sojojin sama a Mando, ga Jaji a kan hanyar Zariya, inda ake horar da sojojin ƙasa da manyan hafsoshi. Da wuya ka sami layi a Kawo ko Unguwar Dosa ko Mando ko Sabon Tasha da babu gidan da yake da ɗa ko miji ko suruki a cikin kaki. Saboda haka idan aka ce an kai hari Marte ko Malam Fatori, ko da yake tsakaninmu da can tafiyar yini guda ce ko fiye, a cikin ɗakunanmu ake jin zafin, kuma a masallatanmu da majami'unmu ake karɓar gaisuwa.

Ga abin da yaron ya faɗa mini, gwargwadon yadda na riƙe shi. Ya ce, “Malam, da rana mun ga wani ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi ya yi shawagi a kanmu ya tafi, kuma tun daga nan kowa ya san akwai magana.” Ya ce sun kwana cikin shiri, kowa a raminsa, sai bayan ƙarfe ɗaya na dare suka fara jin ƙarar babura daga nesa, sannan wuta ta buɗe ta fuska uku a lokaci guda. Maharan sun san inda babbar bindiga take, sun san inda motoci masu sulke suke fake, sun san ɗakin da na'urar sadarwa take, kuma waɗannan wurare suka fara nufa. Ya ce sun riƙe wuta na tsawon lokaci, kuma tun a farkon faɗan aka aika da saƙon neman ɗauki, aka amsa musu cewa ana tafe. Abin da bai taɓa fita daga raina ba shi ne yadda ya ce, cikin sanyin murya, “Ba tsoro ne ya kore mu daga ramin ba, Malam, harsashi ne ya ƙare.”

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma da na koma na bi tarihin hare-haren nan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kusan duk labarin guda ne. Sansani ba ya faɗuwa a harbin farko. Yana faɗuwa ne a cikin sa'o'in da ke tsakanin kiran neman ɗauki da isowar ɗaukin, kuma tsawon waɗannan sa'o'i ba sojan da ke cikin rami ne yake yanke shi ba.

Maharan sun fahimci haka tun da daɗewa, shi ya sa suke shirya faɗa biyu a dare ɗaya. Ayari guda zai afka wa sansanin, wani ayarin kuma zai binne nakiyoyi a kan hanyar da suka san dole ta nan ɗauki zai biyo, su yi kwanton ɓauna suna jira. A irin wannan tafiya ta kai ɗauki aka kashe Birgediya Janar Dzarma Zirkusu, kwamandan birged ta 28 da ke Chibok, a watan Nuwamba na 2021, lokacin da ya nufi Askira Uba da mutanensa. Ƙasar ma tana taimaka musu, domin yankin Marte da Dikwa da Ngala da Rann baƙar laka ce, wadda idan damina ta sauka take riƙe mota mai nauyi kamar danƙo, alhali babur yana ratsawa ta gefe. Idan kuma hunturu ya zo da hazo, jirgin yaƙi ba ya ganin ƙasa yadda ya kamata. Kafin gari ya waye sun kwashe abin da za su iya ɗauka na bindigogi da albarusai da man fetur da magunguna, sun cinna wa sauran wuta, sun ɓace cikin daji ko tsibiran Tafkin Chadi.

Wannan kwasar ganima ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce abin da ya fi tayar mini da hankali. Kowane sansani da ya faɗi, shi ne yake ba da makaman da za a kai wa na gaba hari. Motar da aka saya da kuɗin talakan Najeriya domin ta tsare shi, ita ce za a gani bayan wata guda a bidiyon farfaganda an kafa mata baƙar tuta. Bayan ganima kuma akwai saƙon da suke aika wa mutanen ƙauye, masunta da makiyaya da manoman tattasai da suke karɓar haraji a hannunsu, cewa wanda bai iya tsare barikinsa ba, ba zai iya tsare gonar kowa ba. Ina kiransu masu iƙirarin jihadi ne da gangan, domin iƙirari ne kawai, kuma malamanmu sun yi bayanin haka tun kafin mafi yawanmu su farga, har wasu daga cikinsu suka rasa rayukansu a kan haka, kamar Sheikh Albani da aka harbe a Zariya a watan Fabrairu na 2014.

Abin ba jiya ya fara ba. A watan Disamba na 2013 sun shiga sansanin sojojin sama na Maiduguri suka lalata jirage, a ranar 14 ga Maris na 2014 suka fasa barikin Giwa suka saki tsararru, a farkon Janairu na 2015 kuma suka ci sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke Baga. Amma salon ya ƙara tsananta ne bayan rabuwar da ƙungiyar Boko Haram ta yi a 2016, lokacin da ɓangaren da ake kira ISWAP ya ɓalle daga Abubakar Shekau ya mayar da hankali kan sojoji. Shekarar 2018 ta zama shekarar baƙin ciki, daga Jilli a watan Yuli, zuwa Zari a ƙarshen Agusta, zuwa Metele a ranar 18 ga Nuwamba, inda aka kashe kwamandan bataliya ta 157, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, tare da mutanensa, sannan Baga ta sake faɗuwa a ƙarshen Disamba.

Maganin da aka kawo a 2019 shi ne a janye sojoji daga ƙananan sansanoni a tara su a manya masu ƙarfi, waɗanda ba za a iya cinsu cikin sauƙi ba. A gaskiya ba zan ce shawarar ba ta da hujja ba, domin babu kwamandan da zai so ya ci gaba da ajiye mutum ɗari a tsakiyar daji yana jiran ranar da za a cinye su. Sai dai abin da aka rage na jinin soja, an biya shi da jinin farar hula. Garuruwa da hanyoyi suka zama babu mai tsaro da dare, kuma ba za mu manta da Auno ba, inda a watan Fabrairu na 2020 aka ƙone matafiya kusan 30 a cikin motocinsu, bayan dare ya riske su a hanya an rufe shiga Maiduguri. To, ka ga inda gizo ke saƙar: idan an baza sojoji a ƙananan sansanoni ana cinsu ɗaya bayan ɗaya, idan an tara su wuri guda ana barin talaka a fili. A nawa ganin, babu ɗaya daga cikin tsarin biyu da zai yi aiki muddin ba a gajarta lokacin isowar ɗauki ba, domin ƙaramin sansani da ya tabbata jirgi ko ayari zai iso masa cikin sa'a guda ya fi babban sansanin da zai jira har hantsi.

Bayan mutuwar Shekau a Sambisa a watan Mayu na 2021, da dubban mutanen da suka miƙa wuya daga baya, da yawa daga cikinmu mun ɗauka an ga bayan abin. Shekarar 2025 ta nuna mana cewa da sauran rina a kaba. An kai hari Malam Fatori a watan Janairu, aka kai Wulgo a watan Maris inda aka kashe sojojin Kamaru, kuma a watan Afrilu Gwamna Babagana Zulum da kansa ya fito ya yi gargaɗi cewa jihar Borno tana komawa baya a fagen tsaro. A watan Mayu aka afka wa Buni Gari da Marte da Rann da Dikwa cikin 'yan kwanaki, har gwamnan ya je ya kwana a Marte domin mutane su ga ba a yi watsi da garin ba. Sabon abin da ya shigo shi ne ƙananan jirage marasa matuƙa, irin waɗanda muke gani ana ɗaukar hoton biki da su, waɗanda a da suke amfani da su wajen leƙen asiri, yanzu kuma suke ɗaura musu bam. Ganuwa da rami an yi su ne domin maharin da zai zo ta ƙasa.

Maƙwabtanmu ma suna cikin irin wannan jarrabawa. Nijar ta rasa sojoji 71 a Inates a watan Disamba na 2019, ta sake rasa 89 a Chinagodar bayan wata guda, Chadi ta rasa kusan 100 a Bohoma a watan Maris na 2020, Benin ta rasa 54 a watan Afrilu na 2025, kuma a Mali da Burkina Faso ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta JNIM tana bin sansanoni da salo iri ɗaya. Abin takaici shi ne, a daidai lokacin da maharan ke koyo daga junansu suna tsallaka iyaka yadda suka ga dama, gwamnatocinmu sai ƙara nesa da juna suke yi, har Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a watan Maris na 2025.

Idan aka tambayi dalilin da ya sa ɗauki ke jinkiri, amsar ba ta tsaya a kan nakiya da laka ba. Rundunar da aka ce ta yaƙi masu iƙirarin jihadi a arewa maso gabas, ita ce dai aka ce ta bi 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, ta shiga tsakani a Filato da Binuwai, ta tsare bututun mai a kudu, har ta tsaya a shingen bincike a kan tituna, aikin da na 'yan sanda ne. Soja yakan shekara biyu ko uku ko fiye a fagen daga ba a canza shi ba, ya gaji, motarsa ta gaji, bindigarsa ta gaji. Ɗalibin nawa ya ce a sansaninsu akwai motar da ta daɗe tana fake saboda rashin kayan gyara, kuma a daren nan sun kalle ta tana ci da wuta ba tare da ta yi harbi ko ɗaya ba. Ƙorafin nan tsoho ne. Shi ne ya kai wasu sojoji ga harbin motar kwamandansu a barikin Maimalari a watan Mayu na 2014, aka yanke wa wasunsu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri, kuma a 2015 ƙasar nan ta cika da maganar binciken kuɗin makamai na dala biliyan 2.1. Ba na goyon bayan bore a cikin soja ko kaɗan, amma wanda ya ci kuɗin tayar mota ko kuɗin harsashi yana zaune a ofis mai sanyi, yana da hannu a cikin kowace sa'a da aka ƙara wa masu jira a cikin rami.

Akwai wani ɗaukin kuma wanda yake zuwa kafin a yi harbin farko, wato labarin da mutanen gari ke kawowa. Babura ɗari ba sa taruwa a daji ba tare da makiyayi ko mai itace ya gani ba. Abin tambaya shi ne ko wanda ya gani zai yarda ya faɗa, domin ya san idan ya faɗa aka gano shi kashe shi za a yi, idan kuma bai yi sa'a ba, wanda ya kai wa labarin ma zai iya tsare shi a matsayin ɗan leƙen asiri. Mu a Kaduna mun san yadda amana ke karyewa, domin muna nan a ranar 3 ga Disamba na 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Abin da ya ɗan yayyafa wa zukata ruwa a lokacin shi ne rundunar ta amsa cewa ita ce, kuma babban hafsan sojojin ƙasa, marigayi Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da ƙafarsa ya nemi gafara. Wannan ya nuna cewa faɗin gaskiya ba ya rushe runduna.

Shi ya sa nake ganin shirun da ke biyo bayan faɗuwar sansani a matsayin rauni na biyu. Bayan Metele an kwashe kwanaki babu cikakken bayani, maharan suka riga hukuma fitar da bidiyo, sannan rundunar ta ce sojoji 23 aka kashe, kafofin labarai kuma suna ambaton kusan 100. A watan Nuwamba na 2025 rundunar ta fara musanta cewa mayaƙan ISWAP sun kama Birgediya Janar Musa Uba, bayan 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya tabbatar da rasuwarsa. Na san akwai sirrin yaƙi, kuma na yarda kada a faɗi abin da zai amfani abokin gaba. Amma abokin gaba yana wurin, ya ƙirga gawarwaki da idonsa, ya ɗauki hoto. Wadda ake ɓoye wa ita ce Inna, wadda ke tsaye a ƙofar gida da waya a hannu, da matar da za ta fara ganin gawar mijinta a Facebook kafin wani ya zo ya yi mata sallama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lokacin Inates, gwamnatin Nijar ta faɗi adadi, ta ayyana makoki na kwana uku, kuma ban ga abin da hakan ya rage mata ba. Ranar 15 ga Janairu da muke ajiye furanni kowace shekara domin tunawa da sojojin da suka rasu tana da muhimmanci, amma ina fatan ganin ranar da za a riƙa karanta sunayen waɗanda suka kwanta dama ɗaya bayan ɗaya, kurtu da janar, da garin da kowa ya fito.

Kada kuma mu mutanen Kaduna mu ɗauka cewa namu kawai jiran waya ne. A watan Fabrairu na 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota harabar hedikwatar Runduna ta Ɗaya a nan Kawo, a ranar 25 ga Nuwamba na wannan shekarar aka tayar da bam a majami'ar da ke cikin barikin Jaji, a ranar 24 ga Agusta na 2021 kuma 'yan bindiga suka shiga NDA a Afaka da dare suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya. Dajin Birnin Gwari, inda 'yan Ansaru, wani ɓangare da ya ɓalle daga Boko Haram, suka daɗe suna samun mafaka, ba shi da nisa da Buruku, garin da ke kusa da mu a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari.

Bayan an sallami yaron daga asibiti, yana dogara sanda, ya zo gidana wata ranar Asabar da wani ƙaramin littafin rubutu. A ciki ya rubuta sunayen waɗanda suka rasu a daren nan, kowane da garinsu, gwargwadon abin da ya sani. Ya ce, “Malam, akwai ɗaya da muke rami guda, mahaifiyarsa tana Sabon Tasha, ina so ka raka ni, domin ban san yadda zan fara ba.” Muka hau Keke, muka canza mota, muka tsallaka gadar kogin Kaduna, muka yi ta tambaya har muka sami gidan. Matar ta riga ta sami labari daga hukuma, an ma yi addu'o'i a majami'arsu, amma babu wanda ya taɓa zuwa mata daga cikin waɗanda suka ga ɗanta a daren ƙarshe. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna tana kallon sandar da ke hannunsa. Ya gaya mata yadda ɗanta yake raba masa garin kwaki idan abinci ya yi ƙaranci, da yadda yake tsaron wurin idan shi zai yi salla. Ta saurara ba ta ce komai ba, sai can ta ɗago kai ta ce da Hausarta ta mutanen kudancin Kaduna, “Yarona, gaya mini abu ɗaya, nan take ya tafi, ko ya jira?”

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Mama, ya jira. Yana numfashi har wajen asuba, ina riƙe da hannunsa. Motocin sun iso da hantsi.”